Amanar Bayanan Mutane: Jagora ga Mai Bincike a Asibiti da Makaranta

Duk shekara idan zangon ƙarshe ya zo, ɗaliban makarantun jinya da ungozoma, da na kwalejojin kiwon lafiya da na ilimi, da masu digiri na biyu a jami'o'i, sukan bazu cikin asibitoci da makarantu da takardun tambayoyi a hannu. A tambayi mace haihuwarta nawa, ɓari nawa ta yi, ko mijinta ya san tana allurar tazarar haihuwa. A kwafi makin yara daga rajista, a buɗe foldar marasa lafiya a ɗakin kati. Mutanenmu kuwa ba su da rowar amsa. Da sun ga farar riga, ko sun ji an ce daga gwamnati ne, sai su zazzage maka cikinsu. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne inda amsoshin ke zuwa bayan an karɓe su. A da cikin kwali suke ƙarewa a ƙarƙashin gado. Yanzu a daren da aka tattara su wani zai kwafe su kaf ya zuba wa ChatGPT ko Gemini, ya ce a tsara masa babi na huɗu na kundin bincikensa.

Wannan jagora ta wanda ke riƙe da irin waɗannan bayanai ce, ɗalibi ne ko malami ko ma'aikacin ƙungiya. Za mu bi bayanan tun daga ranar da ka zauna rubuta tambaya har ranar da za ka ƙona takarda.

Doka dai akwai ta, kuma ta shafe ka. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ware wasu bayanai ta ce masu tsananin sirri ne, daga ciki har da lafiyar mutum, da ƙwayoyin halittarsa, da zanen yatsa, da addini, da ƙabila, da ra'ayin siyasa. Ta ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Manyan cibiyoyi da suka karya ta za a iya cin su tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Tun kafin ita, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta ce duk abin da ya shafi ciwon mutum da jinyarsa sirri ne. Ba sai ka haddace sassan dokokin nan ba. Abin da suke nema a hannunka bai wuce abin da za ka so a yi wa mahaifiyarka ba idan ita ce a kan gadon.

Izini kafin tambaya

Takardar gabatarwa da sashenku ya ba ka ba ita ce izinin bincike ba, kuma a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Duk binciken da zai taɓa mutane a fannin lafiya sai ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da nasu, ma'aikatun lafiya na jihohi ma haka, a samansu kuma akwai kwamitin ƙasa, NHREC, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007. Idan makarantun gwamnati za ka shiga, ka nemi takardar ma'aikatar ilimi ko ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha kafin ka je wurin hedimasta. Abin yana cin makonni, don haka ka fara da wuri. Kada ka tara bayanai sannan ka koma neman a buga maka hatimi a mayar da kwanan wata baya.

Kano ta san kuɗin irin wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana a kan yara 200: rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A tsakani, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Duk mai binciken da ya yaudari unguwa guda, wanda zai zo bayansa da gaskiya shi zai tarar da ƙofa a rufe.

Sai yardar shi kansa mai amsa. Za ka gaida mai unguwa, za ka nemi izinin maigida kafin a shiga wurin matansa, wannan ladabi ne kuma ba a tsallake shi. Amma amincewar maigida ba ta zama ta matar ba. Ita ma a tambaye ta, ita kaɗai, ba a gaban kishiya ko uwar miji ba, kuma ya fi kyau mace ce za ta tambaye ta. Takardar amincewa ta kasance da Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatun boko a gaban shaidan da ba ɗan tawagarku ba ne, sannan ya dangwala. Bayanin kansa ba ya buƙatar manyan kalmomi. Ga misalin yadda za a iya faɗa:

“Sannu da gida, Inna. Ni ɗaliba ce, bincike nake yi a kan yadda mata ke zuwa awo. Ba magani na kawo ba, ba kuma rajistar tallafi ba ce. Zan yi miki tambayoyi na kamar minti ashirin. Idan kin ƙi, ba abin da zai ragu daga kulawar da ake miki a asibiti, kuma ko mun fara kina iya cewa a tsaya. Ba zan rubuta sunanki a kan takardar amsa ba. Zan naɗi muryarki idan kin yarda, ni da malamina kaɗai za mu saurara.”

Ka lura da jimlar nan ta tallafi. A ƙauyuka da yawa duk wanda ya zo da biro da takarda ana ɗauka sunayen masu karɓar kuɗi ko taki yake rubutawa, sai a amince masa a kan abin da babu. Ka lura kuma da jimlar ƙarshe, domin alkawari ce. Idan ka ce kai da malaminka kaɗai za ku saurara, sannan ka ɗora muryar a wata manhajar intanet ta rubuce maka, ka saɓa. In kana da niyyar amfani da irin wannan manhaja, ka rubuta a takardar da za ka kai wa kwamiti, ka kuma faɗa wa mai amsa da harshen da zai gane: cewa wata na'ura ta kamfanin ƙasar waje za ta ji maganarsa.

A makaranta, yardar hedimasta ba ta wadatar ba idan tambayoyin sun shiga rayuwar yaro ta gida ko ta jikinsa. A aika wa iyaye, a kuma tambayi yaron kansa, ba a gaban malaminsa da bulala a hannu ba.

Abin da ba ka karɓa ba ba zai ɓata a hannunka ba

Ka ɗauki takardar tambayoyinka ka bi ta layi-layi, kana tambayar kanka a wane jadawali na babi na huɗu wannan amsa za ta fito. Lambar waya, lambar NIN, sunan miji, cikakken adireshi, ranar haihuwa: mafi yawan bincike bai buƙatar ko ɗaya. Idan da KoboToolbox ko ODK kake aiki a waya, ka duba ko an saka tambayar da ke ɗaukar wurin da kake tsaye, domin za ta nuna ƙofar gidan mai amsa. Masu babban binciken lafiyar al'umma na ƙasa, NDHS, da gangan suke gusar da wurin kafin su saki bayanai, har kilomita 2 a birni, 5 a karkara. Hoto ma haka: wayoyi da dama suna liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi, ban da fuskar da ke ciki.

Idan dole ka san suna, misali za ka koma wurin mutum bayan wata uku, to ka raba. Littafi guda mai suna da lamba, 001, 002, har ƙarshe, ya zauna a kulle a ofishin malaminka. Takardun amsa da fayil ɗin Excel ko SPSS lamba kaɗai za su ɗauka. Takardun amincewa, da yake akwai suna da dangwale a kansu, su ma a ware su daban, kada a maƙala su a bayan takardar amsa kamar yadda ake yawan yi.

To amma cire suna ba shi ne ɓoye mutum ba, kuma wannan ne wurin da nake so mai karatu ya fi tsayawa. A 1997 wata ɗalibar jami'ar MIT a Amurka, Latanya Sweeney, ta samu bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Masacusets da aka saki bayan an goge sunaye. Ta sayi rajistar masu zaɓe a kan dala 20, ta haɗa biyun, ta zaƙulo bayanan lafiyar gwamnan jihar, William Weld, ta aika masa ofis. Abu uku kawai ta yi amfani da su: ranar haihuwa, jinsi, da lambar yankin gidan waya. Daga baya ta lissafa cewa waɗannan ukun sun isa a gane kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa.

A wurinmu ko kwamfuta ba a buƙata. Ka rubuta a kundinka cewa “wata mata 'yar shekara 19, matar limami ta uku, mai yoyon fitsari, a ƙauye kaza”. Ba ka ambaci suna ba, amma duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauyen ya san ta. Ka rubuta “malamin lissafi a makarantar kaza ya ce hedimasta na karɓar kuɗin jarrabawa”, alhali malamin lissafi ɗaya ne a makarantar. Mu mutane ne da ake gane mu ta dangi da sana'a da sarauta da unguwa, kuma abin da ke fita ba ƙarami ba ne: sakamakon gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, ko na sikila, ko labarin ɓarin da aka ɓoye, kowanne na iya fasa aure ko ya raba mace da ɗakinta. Maganin abin shi ne ka faɗaɗa. Shekaru su zama rukuni, 15 zuwa 19, 20 zuwa 24. Ƙauye ya zama ƙaramar hukuma. Sana'ar da mutum ɗaya ke yi a gari ta shiga cikin “sauran sana'o'i”. Duk gurbin jadawalin da mutanen cikinsa ba su kai biyar ba, ka haɗe shi da na kusa. Idan za ka kawo maganar wani kai tsaye, ka karanta ta kana tunanin maƙwabcinsa ne ke karantawa.

Ajiya ba ta da dogon bayani. Laftof da waya su kasance da kalmar sirri, fayil ɗin ma a sa masa tasa. Kada a tura ta guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji. Idan za ka kai aiki shagon buga takardu, kai da kanka za ka shigar da amsoshin tukuna, domin kwamfutar shago kowa na zama a kanta, kuma fayil ɗin da aka kwafa daga filashi yakan kwana a can shekara da shekaru. Waya ta lalace, ka cire katin ajiya kafin ka miƙa wa mai gyara.

Kai da ƙirƙirarriyar basira

Ba na cikin masu cewa a haramta waɗannan manhajoji. Suna gyara Turanci, suna bayyana lissafin da malami ya yi sauri a kansa, suna rubuta umarnin da za ka ba SPSS ko R. Matsalar ita ce abin da kake liƙa musu. Duk abin da ka rubuta a akwatin hira yana tafiya rumbun kamfanin ne a wata ƙasa. A nau'in kyauta, kamfanoni da dama suna iya amfani da hirar wajen horar da na'urarsu sai in ka shiga saiti ka kashe, kuma Google da kansa yana gargaɗin masu amfani da Gemini kada su rubuta sirri domin ma'aikata na iya duba wasu hirarrakin. Kamar ka ba direban tasha wasiƙa ba ambulan ne: ƙila ta isa lafiya, amma ba ka san hannu nawa ta bi ba. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da ChatGPT bayan wasu sun liƙa masa sirrin aiki. Dokar 2023 kuma ta sa sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare, ba ta ce ban da ɗalibai ba.

Dabarar mai sauƙi ce: ka ba na'ura siffar aikin, ka riƙe mutanen. Ka ce mata kana da jadawali mai ginshiƙi shida, ga sunayen ginshiƙan, ga layi uku na ƙarya da ka ƙirƙira don misali, wane gwajin lissafi ya dace kuma yaya ake yin sa. Ta ba ka umarnin, ka gudanar da shi a kwamfutarka a kan bayanan gaske. Idan ka samu jimilla, kashi kaza cikin ɗari, wannan kana iya nuna mata ta taya ka tsara jimla. Hoton folda, hoton rajistar aji, takardar sakamakon gwaji, da muryar da ka naɗa, waɗannan ba sa shiga, ko da ka rufe sunan da yatsa. Murya ita kanta shaida ce.

Ko da kwamiti ya yarda a rubuce hira da na'ura, sai ka saurara da kunnenka ka gwada. A 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa manhajar Whisper, wadda wasu asibitocin Amurka ke amfani da ita, takan ƙago jimlolin da ba wanda ya faɗa. Da Turanci ke nan, harshen da aka fi horar da ita a kansa, balle Sakkwatanci ko Hausar tsohuwar ƙauye. Matanmu kuma da sakaye suke maganar jiki. Wadda ta ce tana fama da sanyi ba mura take nufi ba, wadda ta ce jaririnta na da shawara ba nasiha yake bayarwa ba, kuma na'ura na iya juya duka biyun ta ba ka Turanci mai santsi wanda ba shi da alaƙa da abin da aka ce. Haka nan madogara: waɗannan manhajoji sukan ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara, duk babu. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda shari'o'in bogi da ChatGPT ya ba su. Duk maƙalar da ba ka buɗe da idonka ba kada ta shiga kundinka. Sannan ka faɗi gaskiya a babi na uku: wace manhaja ka yi amfani da ita, a kan me. Manyan mujallun likitanci sun daidaita tun 2023 cewa ba a sa na'ura cikin jerin marubuta, domin ba ta ɗaukar alhaki, amma dole a bayyana an yi aiki da ita.

Akwai kuma waɗanda binciken nasu shi ne gina na'urar da za ta yi hasashe: wace mai ciki ce ke cikin haɗari, wane ɗalibi ne zai faɗi. Tambayar farko a nan ita ce su wa babu a cikin bayanan da aka horar da ita. Binciken NDHS na 2018 ya nuna mata 39 cikin 100 ne ke haihuwa a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai 20 ba. Na'urar da ta koyi darasi daga foldar asibiti ta san matan da suka samu kuɗin mota da izinin fita, ba ta san mafi rinjaye ba. Rajistar makaranta ba ta san almajiri ba, ba ta san yarinyar da aka cire a aji huɗu ba. A Amurka, binciken da mujallar Science ta buga a 2019 ya gano wata manhaja da ake auna buƙatar marasa lafiya da ita tana amfani da kuɗin da aka kashe a kan mutum a matsayin ma'aunin ciwonsa. Da yake ana kashe wa baƙaƙen fata ƙasa da na farare, sai ta riƙa ɗaukar su a masu sauƙin ciwo. A Ingila a 2020, da korona ta hana jarrabawa, lissafin da hukuma ta yi amfani da shi ya rage kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar, ɗalibai suka fito zanga-zanga, cikin kwanaki aka janye shi. Dokarmu ta ba mutum haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa idan zai yi masa babban tasiri. Saboda haka a rubuta tun farko wane likita ko malami ne zai duba abin da na'urar ta ce, kuma ina wanda aka zalunta zai kai kuka.

Malaman jami'a masu kama ɗalibai da manhajar gano rubutun na'ura su ma su yi hattara. Binciken jami'ar Stanford a 2023 ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗora wa fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne tambarin na'ura, alhali da hannunsu suka rubuta. Kamfanin OpenAI ma ya janye tasa a shekarar saboda yawan kuskure. Ka kira ɗalibin ka yi masa tambaya a kan abin da ya rubuta, minti biyar sun isa ka gane.

Idan bayanai sun ɓata, da kuma bayan an gama

An sace laftof a mota, filashi ya faɗi, ko an tura fayil guruf ɗin da ba shi ba. Kada ka yi shiru kana addu'ar kada a gane. Ka sanar da malaminka da kwamitin da ya ba ka izini a ranar, domin doka ta ba cibiya sa'o'i 72 ne kacal ta sanar da NDPC idan ɓatan na iya cutar da mutane, kuma idan haɗarin babba ne su ma masu bayanan sai an gaya musu.

Bayan an kare kundi, ka ajiye bayanan iya tsawon da kwamiti ya ƙayyade, sannan littafin sunaye ya fara tafiya. Takardu a ƙona su kana tsaye. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ko gyaɗa ya ga an ƙunsa masa a takardar jarrabawar wani da sunansa da makinsa ya san inda kwalin da aka bari a ɗakin haya ke ƙarewa. Muryoyi a goge su daga waya da Google Drive da kwandon shara na kwamfuta. In da hali, ka koma wurin mai unguwa ko shugabar asibitin ka gaya musu abin da binciken ya gano, da Hausa, ba tare da nuna kowa ba. Mutanen da suka ba ka lokacinsu kyauta sun cancanci jin sakamakon.

Ga malamai masu duba kundi kuwa, roƙona guda ne. Kada ku sa hannu a babi na uku sai ɗalibi ya nuna muku takardar kwamiti, ya faɗi inda littafin sunaye zai kwana, ya kuma rubuta abin da zai ba na'ura da abin da ba zai ba ta ba.